Ɗigo 21 a minti ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin, duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, yau dai na sauko daga gard, wato aikin dare, tun safe barci ya ƙi zuwa, yara suna lekol, wato makaranta, gidan shiru, nace bari in rubuta ko zan ji sauƙi. Bazan sa sunana ba kuma bazan kira sunan lopital ɗin, wato asibitin, da nake aiki ba, in kun karanta zaku gane dalili.

Ni haifaffiyar Marwa ce a arewacin Kamaru, unguwar Barmare, Baba goro yake sayarwa a babbar kasuwa har Allah ya masa rasuwa. Aikina infirmiye, abin da 'yan uwanmu na Mubi da Yola ke ce ma nas, a rediyo kuma ace ma'aikaciyar jinya, mutanen ƙauye kuwa duk wanda ya sa farar riga dokta ne a wurinsu har mai shara. Da na ci bak, jarabawar gama sakandare, a 2004 Baba cewa yayi karatu ya isa haka a nemi miji, shi bazai yarda 'yarsa tana kwana a waje tana taɓa maza ba. Kawu ne ya cece ni, shi malami ne yana da almajirai a zaure, ya zaunar da Baba ya bashi labarin Rufaida, sahabiyar nan ta Madina mai tanti a masallaci da ke jinyar waɗanda suka ji rauni, har Manzon Allah (SAW) ya sa aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Baba yayi shiru can yace toh, amma duk abin da ya biyo baya a wuyanka. Shekara ta zagayo na rubuta konkur, jarabawar shiga makarantar jinya, na ci, aka tafi Garwa, shekara 3 cikin wannan zafin na bakin Binuwai da ko kifi sai ya nemi inuwa.

A makaranta akwai darasin da ake ce ma deyontoloji, wato ladubba da haƙƙoƙin aikin, kuma don rashin sa'a bayan azahar ake yinsa, rabin aji gyangyaɗi. Nan aka koya mana dokar 5 ga Disamba 1984 da ta tsara aikin infirmiye da ungozoma da masu aikin awo a Kamaru, da kundin ladubban aiki na 1989, da hukumarmu ta Ordre da dole ka yi rajista da ita kafin a ɗauke ka cikakken ma'aikaci. Aka ce nauyi 4 ne a kanmu, inganta lafiya, kare mutane daga cuta, dawo da lafiyar wanda ya kwanta, da rage masa wahala. Aka bamu tarihin Florence Nightingale 'yar Ingila wadda saboda ita ake bikinmu duk 12 ga Mayu. Na haddace tsaf kaman karatun allo ba fassara, na samu maki mai kyau, ranar fita a 2008 muka ɗaga hannu muka yi rantsuwa aka yi hotuna aka ci shinkafa, ni a tunanina shikenan na san aikin.

Aiki bai samu ba, don a lokacin fita da diplom daban samun matrikil, lambar aikin gwamnati, daban. Sai na tafi aikin sa kai, benebol, a wata ƙaramar cibiyar lafiya ta ƙauye wajen duwatsun Mandara. Ɗakuna 4, gadaje 8, wuta in ta zo ta zo in ta tafi sai fitilar ƙwai da tocila. Ƙarshen wata a bani abin da ya samu, wani watan jaka 15 na sefa wani watan jaka 10. Shugaban wurin wani dattijo ne Tupuri, Kirista, ya kusa ritaya, kowa Majo yake ce masa, baya jin Hausa sai gaisuwa, da Faransanci da Fillanci muke magana, ɓinngel am yake ce min wato 'yata. Mutum ne mai shiru-shiru, agogonsa irin na da mai hannun sakan kullum a maƙale da aljihun bluz.

Daminar 2009 ne, watan Satumba, lokacin da palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ke kwasar yara kaman me. Ina gard ni kaɗai, wajen ƙarfe 11 na dare aka kawo wani yaro ɗan shekara 7 a kan moto, wato mashin, jiki kaman garwashi, yayi jijjiga a hanya, baya iya shan komi. Ubansa ne ya kawo shi da kakarsa, wata tsohuwa 'yar dutse siririya, ko Fillanci bata ji sosai. A lokacin kinin muke sawa a ruwa, sabon maganin palu artesunat bai iso mana ba. Wanda bai sani ba, kinin magani ne mai kyau amma baya son gaggawa, ana zuba shi ne cikin ruwan gilikoz ya riƙa shiga jijiya a hankali tsawon awa 4, in ya shiga da sauri yana saukar da suga yana saukar da jini yana iya rikita bugun zuciya. Lissafin ba wuya, ɗigo 20 shine mililita 1, kwalba mai mililita 250 a awa 4 ya kama ɗigo 21 kenan a minti. Sai ka ɗauki agogo ka murza ɗan tayan nan na jikin igiyar ruwan ka ƙirga har minti ya cika, in bai yi daidai ba ka sake. Na san wannan, na ci jarabawa a kansa.

Na auna yaron, na ja maganin daidai, na samu jijiya bugu ɗaya har ina jin kaina, ina rataye kwalbar kenan sai ga ihu a waje an kawo mai naƙuda kan jariri ya riga ya sauko. Sai na murza tayan na kalli ɗigon da ido a hasken tocila nace wannan yayi, na ruga. Ban ƙirga ba. Hannun yaron a lanƙwashe yake lokacin shi yasa ruwan ke tafiya a hankali, da ya miƙe hannu cikin barci ruwa ya ɓalle. Haihuwa ta zo da 'yar gardama, mabiyiya ta ƙi fita da wuri, ban leƙo ɗakin ba sai bayan kusan minti 40, ina haska kwalbar naga saura ɗan kaɗan a gindi. Wallahi har yau in na tuna sai in ji sanyi a tafin ƙafata. Yaron yayi sharkaf da gumi mai sanyi, jiki ya saki, na taɓa wuyan hannunsa da ƙyar nake jin bugun. Na rufe ruwan na ruga bayan cibiyar inda gidan Majo yake ina dukan ƙofa, ya fito da singileti ba takalmi. Bai tambaye ni komi ba, ya duba yaron, ya ja gilikoz ya tura masa ta jijiya a hankali, ya ɗaga ƙafafunsa, ya ja kujera ya zauna riƙe da hannun yaron da agogo a ɗaya hannun. Sai wajen asuba yaron ya buɗe ido yayi kuka.

Abin da ya fi damuna ba wannan bane. Lokacin da Majo ke aiki ya ɗago yace me ya faru da ruwan, sai naji bakina yace tsohuwar ce ta taɓa. Ban shirya ƙaryar ba, fitowa tayi kawai, kuma ƙarya ce mai kama da gaskiya don masu jinya suna yin haka, su ga ruwa na ɗiga a hankali su ɗauka ya lalace su buɗe don ya ƙare da wuri. Uban yaron yana jin Fillanci, ya juya kan uwarsa da yarensu yana faɗa yana nuna ta da yatsa, ita kuma tana girgiza kai tana tafa hannu tana kuka, ta fita ta zauna a ƙasa bakin baranda cikin yayyafi. Ina kallonta ta taga. Na ɗauki littafin gard na rubuta cewa mai jinya ta buɗe ruwa ba da izini ba, na sa hannu.

Da gari ya waye Majo ya kira ni ofis, ya tura min kofin shayi, ya buɗe littafin ya karanta, yace ɓinngel am, ɗigo nawa kika ƙirga a minti? Nayi shiru. Yace da wane agogo? Ko agogo bani da shi a lokacin. Yace tsohuwar nan tun shigowarta take zaune a ƙasa wajen ƙafar gado, mutanen dutse tsoron kayan lopital suke, ko ƙarfen rataya ruwan bazata taɓa ba, shekara 30 yana aiki da su. Sai na fashe da kuka ina cewa dan Allah kar a kore ni, Baba zai ce ai ya faɗa. Ya bar ni na gama sannan yace kuskure kam babu infirmiyen da bai taɓa yi ba, shi ma akwai wanda yake tunawa duk dare, amma mai wannan aikin abu 2 yake ɗauke da su a ciki, laifin kansa da sirrin mutane, na farko faɗa ake na biyu haɗiyewa ake, kuma yawancinmu juyawa muke, mu haɗiye laifinmu mu amayar da sirrin mutane. Ya miƙo min biro yace kar in yage shafin kar in goge, in ja layi ɗaya kan ƙaryar yadda za'a iya karanta ta, in rubuta gaskiya a ƙasa da lokaci da sa hannu, don duk wanda zai ba yaron kinin na gaba dole ya san nawa ya shiga jikinsa kuma cikin minti nawa.

Rubutun bai min wuya ba kaman abin da ya biyo baya. Ya tasa ni gaba har baranda, ya tara uban da tsohuwar, ya tsaya gefe ya harɗe hannu. Na durƙusa gaban matar nan da farar rigata nace yaafam dada, wato ki yafe min inna, ni ce ban daidaita ruwan ba, ke baki taɓa komi ba. Ɗan ya fassara mata. Ta daɗe tana kallona, sai ta kama gefen zaninta ta share min fuska. Uban kuwa bai yafe ba, yace da ɗansa ya mutu da uwarsa zai zarga har abada, ya ɗauke yaron kwana 3 bayan nan ko sallama bai min ba, kuma yana da gaskiya. Da kuɗin ƙarshen watan na sayi agogo mai hannun sakan a kasuwar Mokolo.

Tunda na fara tonawa kaina asiri bari in ƙarasa. Kafin wannan daren nayi kusan wata 3 ina sayar da magani daga aljihu. A wurin staj, wato koyon aiki, na gani ana yi, a sayo allurai da ƙwayoyi masu araha na kasuwa waɗanda ake shigowa da su ta iyaka, in mara lafiya ya karɓi ordonans, takardar sayen magani, a tare shi kafin ya kai farmasi ace kawo in taimake ka. Nace ai ba sata bace, jaka 10 ina zata kai ni. Amma maganin da ya kwana a rumfar kwano a zafin Afrilu Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinsa, in ma na gaske ne tun farko, kuma babban sharrin shine a hankali sai ka daina kallon abin da mara lafiya ke buƙata ka koma kallon abin da ya rage maka a aljihu, kowa ya zo sai ka ga yana buƙatar allurar bitamin. Ranar da na durƙusa ma tsohuwar nan da daddare na juye ledar a masai. Ba wai ina wanke masu yi bane, amma wanda ya bar mutum shekara da shekaru yana aiki ba albashi shima da nasa kason, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Abin da dai bazan taɓa ba uzuri ba shine karɓar kuɗi kan abin da gwamnati tace kyauta ne, maganin palu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2011 aka ce kyauta, amma na sha ganin uwa ta kwance bakin zani ta biya don bata sani ba.

2010 kwalara ta shigo mana, shekarar da mutum fiye da dubu 10 suka kamu a Kamaru sama da 600 suka rasu, mafi yawa a nan Arewa Mai Nisa. Mun shimfiɗa mutane ƙarƙashin itatuwan nim muna rataye kwalaben ƙarin ruwa na Ringer a reshe, hannuna ya sassaɓe da ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta, Inna ta aiko ace in gudo gida nace in tafi in bar ma wa. A 2011 aka yi ɗaukar matasa dubu 25 aikin gwamnati, Allah ya sa sunana ya fito, aka dawo da ni gari, nayi aure da wani malamin makaranta. Ranar Laraba 22 ga Yuli 2015, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, bom ya tashi a kasuwa da unguwarmu Barmare, ina gidan Inna ranar bana aiki, na fita da ɗankwali da zani muna ɗaure raunuka. Abin da ya tsaya min a rai shine samarin da suka zagaye wata mata kayanta sun yage suna ɗaukarta a waya, kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp. Na cire mayafina na rufa mata, shine kawai abin da na iya.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki waya. Mutumin da zan yi magana a kansa yana raye, kuma shi da bakinsa ya bani izini bara, da sharaɗin ba suna ba gari, na kuma sauya wasu abubuwa, don haka kar wani ya wahalar da kansa da lissafi.

An mayar da ni sashen masu karɓar maganin sida, wato ƙanjamau, wanda tun Mayun 2007 kyauta ake bayarwa a ƙasar nan. Ɗaki ne a can ƙarshen lopital, mutane na zuwa daga unguwanni masu nisa don kar a gansu, wata ta sa niƙabi wani ya ajiye motarsa nesa ya ƙaraso a kilando, mashin ɗin haya. Cikinsu akwai wani Alhaji ɗan kasuwa mai fara'a, amma baya riƙe magani, in tafiya ta kama shi sai yayi wata 2 bai zo ba, awon jininsa na ƙarshe ya nuna ƙwayar cutar tayi yawa. Wata Juma'a Goggo, ƙanwar Baba wadda ta goye ni tun ina jaririya, ta aiko in zo in taya ta aiki, manemin autarta zai zo gaisuwa. Yarinyar shekararta 19, Adda take ce min, ni nake mata kitso tun tana ƙarama. Na soya kaji na dama kunun gyaɗa na ɗauki tire na shiga falo da sallama, ina ɗago kai sai ga Alhajin nan zaune kan darduma cikin babbar riga. Muka haɗa ido. Naga hannunsa ya tsaya cak a kan carbi. Na durƙusa na ajiye tiren kofuna na kaɗawa, nace Alhaji ina wuni an zo lafiya, yace lafiya lau Hajiya, kaman bamu taɓa ganin juna ba. Na koma madafa Goggo na rangaɗa guɗa tana cewa kin ga surukin naki ko, Allah ya kashe ya bamu.

Daren nan ban runtsa ba, gaba kura baya sayaki. Maigidana ya tambaya nace kaina ke ciwo, don shi ma bai halatta in faɗa masa ba. Litinin da sassafe na samu likitan sashenmu, shi dama yana cikin masu kula da mutumin, na faɗa masa halin da nake ciki. Yace dosiyen Alhaji, wato fayil ɗinsa, ya fita daga hannuna daga yau, kuma za'a kira shi. Alhaji ya zo, shi ya nemi in zauna. Likita ya masa bayani tiryan-tiryan, cewa ciwon nan baya hana aure, wanda ya riƙe maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta awo ya daina ganinta baya sa ma matarsa, kuma su haifi 'ya'ya lafiya lau, amma wannan sai an yi watanni ana shan magani ba fashi, kuma dole yarinyar ta sani ta zaɓa da kanta. Alhaji ya sunkuyar da kai yace in maganar nan ta fita kasuwancinsa ya mutu, ko sahu ba mai haɗawa da shi a masallaci. Da likita ya fita ya zaro ambulan ya tura gabana yace Madam ki rufa min asiri Allah ya rufa miki. Na tura masa abinsa nace Alhaji asirinka a rufe yake ba sai ka saya ba, bakina bazai faɗa ma kowa ba, amma ka sani zan nemi ayi gwaji kafin ɗaurin aure, ku biyun tare, kaman yadda nake nema a duk auren gidanmu, ni ma sai da nayi.

Haka nayi. A gaban Bappa da Kawu da Goggo nace ayi gwaji, nace rigakafi ya fi magani, ai har limamai sun fara neman takarda. Aka aika ma Alhaji, ya aiko cewa an ci mutuncinsa, shi ba ɗan iska bane, ya fasa a mayar masa da kayansa. Akwati 6 aka fitar daga ɗakin Goggo 'yan unguwa na leƙe ta katanga.

Abin da na sha a dangi sai wanda ya gani. Aka ce hassada ce, don ni na auri mai moto bana so ƙanwata ta shiga gidan bene. Aka ce boko ya buɗe min ido. Yarinyar ta daina gaishe ni. Goggo ta kira ni ɗakinta ta tura ƙofa, ta ɗauko Alƙur'ani ta ajiye tsakaninmu tace ke, ni na goye ki, in kin san wani abu game da mutumin nan ki faɗa min daga ni sai ke, in kuma baki san komi ba ki dafa ki rantse. Kun ga tarkon, in na dafa nayi rantsuwar ƙarya, in nace na sani na faɗa kenan. Nace Goggo ni ba'a sa ni rantsuwa kan aikina, ko a kan wa kika tambaye ni, mai lafiya ko mara lafiya, wanda na sani ko wanda ban taɓa gani ba, amsar kenan, gwaji kawai nace ayi. Tace tashi ki fita min. Da na haihu bata zo suna ba, matar da ita ya kamata ta min wankan jego.

Wasu zasu ce ai tsoron doka ne. Eh dokar tana nan, sashe na 310 na kundin hukunta laifuka, wanda ya fallasa sirrin da ya sani ta dalilin aikinsa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 ne da tara. Amma wallahi ba gidan yari nake gani ba lokacin da Goggo ta ajiye Alƙur'anin nan, bencin ƙofar ɗakinmu nake gani da matan da ke zama a kai. Daga ni sai ke ɗin Goggo na san inda yake ƙarewa, daga ita sai aminiyarta, daga nan sai gidan biki, kafin sati ace infirmiyen sashen nan tana faɗa, kuma ranar da aka ce haka rabin bencin nan bazasu dawo ba, zasu zauna a gida su mutu a hankali ana cewa sammu ne, da jariran da ke cikinsu waɗanda magani zai iya karewa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma kar in yi muku ƙarya kaman yadda na yi ma Majo, da Alhaji ya samo takardar bogi aka sa ranar ɗaurin aure, har yau in na tambayi zuciyata me zan yi bata bani amsa ɗaya, wataran tace zan koma wurin likita mu sake matsa masa har ya faɗa, wataran tace da gudu zan je in kama hannun ƙanwata in an kore ni a kore ni. Allah bai kai ni wannan gaɓar ba, shi yasa bana ɗaukar kaina wata jaruma.

Bayan shekara ɗaya na roƙi Alhaji ta hannun likita ko zai bari in faɗa ma Goggo ita kaɗai, yace a'a. Haƙƙinsa ne. Abin mamaki tun daga lokacin bai sake fashin magani ba. Ƙanwata ta auri wani mai gyaran waya, 'ya'yansu 3 yanzu, mun shirya da ita ba tare da an tada maganar ba. Goggo kuwa gaisuwa ce kawai, in na durƙusa tace lafiya ta kau da kai.

A 2021 ciwon suga ya kwantar da ita, ƙafa ta rube, aka kawo ta lopital ɗinmu. Ba sashena bane amma na roƙi majon ɗakin ya bar ni in riƙa kwana da ita bayan na tashi aiki. Ni nake juya ta duk awa 2 don kar bayanta ya yi gyambo, ni nake mata tsarki ina canza mata zani, kwana 9 muka yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, tana kallona bata cewa komi. Dare na bakwai wajen ƙarfe 2 kowa yayi barci, na canza mata kwalbar ruwa na ciro agogona ina ƙirga ɗigo, sai naji tace ke wai kullum me kike ƙirgawa ne kaman mai jan carbi. Nace ɗigon ruwa ne Goggo, in yayi sauri yana cutarwa. Tayi shiru har na ɗauka ta koma barci, can ta kira ni da sunan da take kirana ina yarinya, wanda rabon da in ji shi a bakinta shekara 5, tace har yanzu dai bazaki faɗa min ba ko? Nace Goggo miƙe hannun naki, kin lanƙwasa ruwan ya tsaya. Ta miƙe hannun ta ɗora shi kan cinyata, na sake ƙirgawa daga farko.